Alhakin Wa Ne Kula da Mabuƙatan da Suka Cika Mana Gari?

Wani malamin makarantar firamare da ke zaune a wajen Ƙofar Ƙwaya, a birnin Katsina, ya aiko mini da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, ga shi kusan kullum sai mata da yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka sun yi sallama a ƙofar gidana. Wani abokina ya ce in daina damun kaina, domin wannan nauyi ne na gwamnati da masu hali, kuma wai sadakar da muke bayarwa ita ke ƙara yawan bara. Na lura zuciyata ta fara bushewa, har nakan ji sallama in yi shiru. Shin akwai alhaki a kaina, ko kuwa abokina ne ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu har ka yi tambaya, domin zuciyar da ta gama bushewa ba ta tambaya. Amsar a taƙaice ita ce akwai alhaki a kanka, kamar yadda yake a kaina da kan abokinka da kan duk wanda ke kwana a garin nan, sai dai ba a ɗora maka ciyar da Katsina kai kaɗai ba, kuma rashin fahimtar yadda aka raba nauyin shi ne ke gajiyar da mutanen kirki irinka.

Bari in fara da abin da ka saba gani. Idan aka wayi gari wani baƙo ya rasu a unguwarku, ba shi da ɗa ba shi da dangi, me ke faruwa? Kafin azahar an sami mai wanka, an sami wanda ya sayi likkafani, matasa sun ɗauki diga da shebur sun tafi maƙabarta, liman ya tsaya an yi sahu an sallace shi. Tsawon rayuwata ban taɓa jin wanda ya tsaya a kan gawa yana cewa wannan aikin gwamnati ne ba, ban kuma taɓa jin an tambayi ƙabilar mamaci kafin a ɗauki makara ba. Kowa ya san cewa idan aka bar gawar nan ta kwana a yashe, zunubin da kunyar na unguwa ne baki ɗaya. Wannan shi ne abin da malamai ke kira farilla ta kifaya: wajibin da ke kan jama'a duka, idan wasu suka tsaya da shi har ya wadatar sai ya sauka daga kan saura, idan kuwa aka bar shi, to duk wanda ya sani kuma yake da iko ya shiga laifi.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, hukuncin da ya sa muke gaggawar suturta mamaci shi ne dai hukuncin ciyar da rayayye mai yunwa. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, littafin fiƙihun Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a zaurukan Katsina, an jero farillan kifaya a wuri guda: tsayuwa da ilimin shari'a da fatawa, da tunkuɗe cuta daga jama'a, da alƙalanci, da shaida, da umarni da kyakkyawa, da sana'o'in da rayuwa ba ta tafiya sai da su, da amsa sallama, da shirya mamaci, da kuɓutar da wanda aka kama. Masu sharhi sun bayyana cewa tunkuɗe cuta ya haɗa da ciyar da mai yunwa da tufatar da marar sutura. Malaman Malikiyya sun ma tafi nesa da haka, inda suka ce wanda yake da rarar abinci ko ruwa, ya hana wanda ke cikin matsananciyar buƙata har ya halaka, to akwai lamuni a kansa, wato za a bi shi alhakin ransa. Ka ga ke nan tausayi a wurinsu haƙƙi ne da ake bin mutum, ko zuciyarsa ta motsa ko ba ta motsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mun riƙe rabin wannan darasi da kyau mun saki rabi, muna rige-rigen ɗaukar makarar mutumin da ya yi wata guda yana jinya ba wanda ya leƙa shi da kwanon koko.

To, yaya aka raba nauyin? An raba shi ne bisa kusanci da kuma iko. Na farko a kanka su ne iyalinka da iyayenka, kuma ba a yarda ka bar 'ya'yanka da yunwa ka kai wa na waje ba. Daga nan sai dangi, sai maƙwabci na kusa da na nesa, kamar yadda aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta jero su tare da marayu da miskinai da matafiyi. Allah kuwa ba ya kallafa wa rai sai abin da yake iyawa. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Abu Zarri wasiyya game da maƙwabta, cewa ya yi idan ya dafa romo ya ƙara ruwa. Bai ce ya ƙara nama ba. Wannan wasiyya ce da aka yanka daidai jikin mai ƙaramin albashi.

Abokinka yana da gaskiya a rabin maganarsa, kuma bai kamata a tauye masa ita ba. Kaso mafi girma na wannan nauyi yana kan hukuma. Sashe na 14 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya faɗi ƙarara cewa tsaro da walwalar jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Matan da ke yi maka sallama ba fari ne ya koro su ba. Rashin tsaro ne a yankunan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma babu wani malamin firamare da zai iya mayar da su gonakinsu da kwanon tuwo. Tun daga cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, tsadar abinci ta tura gidajen da a da suke bayarwa cikin sahun masu karɓa. Inda abokinka ya kuskure shi ne zatonsa cewa gazawar mai babban kaso tana sauke nauyi daga kan mai ƙarami. Farillar kifaya ba ta sauka don an gano wanda ya fi cancanta ya yi ta. Tana sauka ne idan an yi ta. Yaron da ya kwana bai ci ba bai ƙoshi da bayanin sashe na 14 ba. Haka kuma tunatar da hukuma wani yanki ne na kasonka, domin kai mai alƙalami ne, kana iya rubuta ƙorafi a madadin waɗanda ba su iya ba, kana iya raka su wurin mai unguwa ko kansila, kuma kana da ƙuri'a.

Kason masu hali kuwa an ƙayyade shi da lissafi, ba a bar shi ga ganin dama ba. Wanda ya ajiye dukiyar da ta kai nisabi, wato kimar dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, har shekara ta zagayo, zai fitar da kashi ɗaya cikin 40. Manomin da ya sami wusƙi biyar, wato sa'i 300, zai fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da gonar, ko ɗaya cikin 20 idan ban-ruwa ya yi da wahalarsa. Mai tumaki ko awaki 40 zai ba da ɗaya, mai shanu 30 zai ba da maraƙi. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci rukuni takwas na masu karɓa, ta fara da faƙirai da miskinai, kuma a mazhabarmu ana raba zakka ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, sai idan akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa. Na yi shekaru ina cikin masu taimaka wa 'yan kasuwa da wannan lissafi, kuma abin da na gani ya fi damuna fiye da hana zakkar shi ne yadda ake lalata ta wajen rabo. Wani zai ɗauki zakkar da za ta iya saya wa zawarawa biyar keken ɗinki ko injin markaɗe, ya canza ta zuwa ƙananan takardun kuɗi, ya tara mutane ɗari biyar a ƙofar gidansa cikin rana suna turereniya, kowa ya tafi da abin da ba zai kai shi jibi ba. Wani kuma zai mayar da ita kyautar girmamawa ga surukai da abokai da malaman da ba su da buƙata. Zakkar da aka ba wanda bai cancanta ba, da sani, tana nan a wuyan mai ita.

Wannan ya kawo ni ga rabi na biyu na maganar abokinka, cewa sadaka na ƙara bara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma laifin na yadda muke bayarwa ne. Kakanninmu suna da hanyoyin taimakon juna da ba su mayar da mutum almajirin titi ba. Akwai gayya, inda za a taru a nome gonar marar lafiya ko tsoho a yini ɗaya. Akwai ciyayya tsakanin gidaje, inda kwano ke fita wani ya shigo, ta yadda gidan da bai ɗora tukunya ba yau zai ci tuwo ba tare da kowa ya san ba a hura wuta a cikinsa ba. Akwai kala bayan girbi, da randar da ake girkewa a ƙofar gida don mai wucewa, da adashe, da gudummawar biki da ake ramawa, da uwar ɗakin almajiri da ke ajiye masa kwanonsa kullum, ta san sunansa da na malaminsa. Ba na son in yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. An yi yunwar Kakalaba a 1914, an yi farin farkon shekarun 1970, kuma mutane sun mutu duk da gayya da ciyayya. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa a 1967, ta nuna cewa ko a ƙauye guda akwai manomin da talauci ke tilasta wa barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani daidai lokacin da tasa ke buƙatar noma, sai talaucin bana ya haifi na baɗi. Amma duk da haka, waɗannan hanyoyi suna da wani sirri guda: mai bayarwa ya san mai karɓa, kuma mai karɓa yau yana sa ran zama mai bayarwa gobe. Da gari ya faɗaɗa, katangu suka yi tsawo, muka daina sanin wanda ke bayan gidanmu, sai taimako ya koma naira hamsin da ake miƙawa ta tagar mota. Irin wannan ne ke ciyar da sana'ar bara, yana kuma tsallake wanda kunya ta hana shi fita, alhali Alƙur'ani ya ambaci haƙƙin mai roƙo tare da na wanda ba ya roƙo.

Ina so ka dubi matan nan da kyau idan sun sake zuwa. Da yawansu shekaru kaɗan da suka wuce suna da rumbu da awaki da kaji, mazajensu na fitar da zakkar dawa da gero da masara, kuma hatsin da muke aunawa a kasuwannin birni daga irin gonakinsu yake fitowa. Sun ciyar da mu kafin mu ciyar da su. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai miƙa musu abu da hannun hagu yana kawar da kai ba.

Nan ne maganar daidaito ta shigo, kuma nan ne nake ganin mun fi rauni. Muna iya tausayi, amma tausayin da ke saukowa daga sama, wanda ke son mai karɓa ya durƙusa. Dubi jerin Shehu Halilu da na kawo: ya sa sana'o'in da jama'a ke buƙata cikin farillan kifaya, a layi guda da alƙalanci da fatawa. Ma'ana, mahauci da wanzami da maƙeri da majemi suna sauke mana wajibi ne da za mu yi laifi in babu su. Amma har gobe akwai gidajen da za su hana aure don an ce kakan yaro mahauci ne, ko don an tono cewa asalinsu bayi ne. Sa'ad da Abu Zarri ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah ya ce masa shi mutum ne da ke da sauran jahiliyya, duk da girman matsayinsa a cikin sahabbai. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati kuwa da "ya ku mutane" ta fara, ta ce an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. Saboda haka wannan haƙƙi ya game Bamagujen Malumfashi da Kiristan da ke haya a layinku, ya game makaho da gurgu da kuturu, waɗanda tun da can masarautunmu suka naɗa musu sarakunansu don a ji muryarsu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali. Kuma dole in faɗi wadda ta fi ɗaci a yau: ya game Bafulatanin da aka sace wa shanu aka kashe wa 'ya'ya, wanda idan ya shigo kasuwa ake nuna shi da baki saboda laifin da wasu suka yi. Wanda ya ɗauki bindiga a hukunta shi da laifinsa, amma rai ba ya ɗaukar nauyin wani rai. Duniya ta rubuta irin wannan magana a sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, ƙasashen Afirka kuma da suka rubuta tasu yarjejeniyar a 1981 sai suka ƙara da babi a kan wajiban mutum ga iyalinsa da al'ummarsa, abin da ya fi kusa da yadda muka taso muka ji.

Ni kaina sai da aka koya mini wannan darasi. Shekarar da muka fara tara hatsi a masallacin unguwarmu, mun yi rabon ne a fili bayan sallar Juma'a, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, wadda muka san ta fi kowa buƙata, ba ta zo ba kuma ba ta aiko ba. Da na tura mai ɗakina ta bincika, sai ta ce mata ta gwammace yaranta su sha kunu da su ji an kira sunan mahaifinsu a gaban abokan wasansu. Na yi kwanaki maganar nan tana damuna, domin na sha karanta aya ta 264 ta Suratul Baƙara da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, amma ban gane cewa kiran suna a bainar jama'a na iya zama cutarwa ba. Tun daga ranar muka koma kai wa mutane gida bayan isha'i ta hannun mata dattawa, muka kuma hana ɗaukar hoto. Ina roƙon masu raba kayan azumi suna watsa fuskokin mabuƙata a Facebook su tsaya su yi tunani.

Akwai kuma wani ɓangare na alhakin da ba ya shiga kwano, wato abin da kowa ke amfana da shi amma ba na kowa ba ne. Duk ɗan ƙasar nan ya san labarin rijiyar Kusugu ta Daura, yadda ake cewa maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ko me masana tarihi za su ce game da labarin, abin lura shi ne kakanninmu sun zaɓi su fara tarihinsu da buɗe wa jama'a rijiya. Sayyidina Usman ma da ya sayi rijiyar Ruma a Madina, sakin ta ya yi ga kowa, gugansa kamar gugan saura. Rijiyoyinmu na yau su ne famfon unguwa da ya lalace kowa na jiran wani ya gyara, da magudanar ruwa da muke cikawa da leda har damina ta rusa katangar wanda ya fi kowa talauci a layin, da maƙabartar da ruwa ke zaizayewa, da makarantar gwamnati da masu hali suka kwashe 'ya'yansu daga cikinta suka daina tambayar halin da take ciki. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya kwatanta al'umma da mutanen jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Idan na sama suka ƙyale na ƙasa suka huda wurinsu don neman ruwa, duka za su nutse. Mu da muka ga an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ba ma buƙatar dogon sharhi a kan wannan hadisi. Yaron da aka bari ba karatu ba sana'a, a daji ko a birni, ba zai tsaya a inda aka bar shi ba. Masu hali da ke tambayata abin da za su yi ya wanzu bayansu, waƙafi nake nuna musu: shago ko gona ko gidan haya da za a tsayar, amfaninsa ya riƙa tafiya ga marayu ko gyaran famfo ko maganin marasa lafiya.

Game da bushewar zuciyar da ka ambata, ɗana, gajiya ce ta wanda ke ɗaukar jinka da hannu ɗaya. Maganinta shi ne ka daina fuskantar abin kai kaɗai a bakin ƙofa. Manzon Allah ya yabi Ash'ariyawa domin idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Ka sami limaminku da mai unguwa da mutum uku ko huɗu da aka yarda da amanarsu, a cikinsu lallai a sami mata, domin su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya. Idan gida 40 suka amince kowane ya ba da tiya ɗaya a wata, an sami kimanin buhu guda, kuma tiya ɗaya ba za ta karya ko mai albashi irin naka ba. Ku rubuta sunayen mabuƙatan unguwa da baƙin da suka sauka a kangaye, ku san daga ina suka zo da sana'ar da kowace ta iya, littafin kuma ya zauna a hannun mutum biyu kawai. Ku riƙa karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, ba tare da sunan masu karɓa ba, domin rashin bayani ne ke kashe irin wannan aiki. Da wannan littafi a hannu za ku iya tunkarar mai zakka ku ce masa ga mace biyar da jari zai raba da bara.

Kai kuma kana da abin da ya fi tiya. Yaran da ke biye da matan nan sun bar makaranta tun ranar da suka bar ƙauye, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba su haƙƙin karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, a duk inda suka sami kansu. Ka yi magana da shugaban makarantarku a karɓe su ko babu takardar canjin makaranta, ka nemi tsofaffin rigunan makaranta daga iyayen da 'ya'yansu suka gama. Ranar da kuma aka yi sallama ba ka da ko ƙwayar hatsi, kada ka yi shiru a ɗaki. Ka fito ka amsa, domin amsa sallama ma tana cikin jerin nan, ka ba ta ruwa ta sha, ka tambayi sunanta da garinsu da inda take kwana, ka gaya mata gaskiya cewa yau babu, sannan ka kai sunan nata wurin masu riƙe da littafin.